Haɗa Na'urorin Sauraren Kiɗa a Gida

Na adana waƙoƙina a tsarin FLAC, domin yana rage girman fayil ba tare da zubar da komai daga sautin faifan CD ba, saɓanin MP3. Suna cikin ma'ajiyar NAS, wato na'urar adana fayiloli da sauran na'urorin gida ke iya isa gare ta, wadda na haɗa da rauta (na'urar rarraba intanet) ta hanyar kebul, saboda Wi-Fi kan katse idan bango ya yi kauri. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ce ke janyo su ta miƙa wa DAC, na'urar da ke mayar da lambobin da ke cikin fayil su zama sautin da amfilifaya za ta ƙarfafa.

A ganina, wurin da aka ajiye sifiku ya fi tsadar wayoyin haɗa na'urori tasiri. A ɗan janye su daga bango, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da nisansu daga kujerar mai sauraro.