Kofin fitsari a ofis ɗinmu

Ranar Litinin da safe ko jakata ban ajiye ba na ga takarda manne a ƙofar ofis, wai kowane ma'aikaci zai yi gwajin ƙwaya kafin Juma'a. Kamfaninmu na jigilar kaya ne a nan Abuja wajen Idu, muna da direbobin tirela masu zuwa Legas da Kano, to ni da farko cewa na yi ai gara haka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lokoja da daddare ya san me ake nufi da direban da ya afa tramol don kar barci ya ɗauke shi, ran mutane ne a hannunsa. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce, binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya ce ƴan Najeriya kusan miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, a shekarar ce ma aka hana maganin tari mai kodin. Tun da Buba Marwa ya karɓi shugabancin NDLEA, hukumar yaƙi da ƙwaya, a 2021 yake ta kiran a riƙa gwada masu neman muƙami da masu neman aiki har da masu shirin aure, Kano kuwa sun gwada ƴan takarar ƙananan hukumomi.

Abin da ya sauya min tunani wani yaro ne a sashen akanta, yaro mai natsuwa wallahi, ko goro ba ya ci. Ranar Laraba ya same ni a bayan masallaci bayan azahar, hannunsa na rawa, ya ce "Yaya, ni fa sikila gare ni, makon jiya ciwon ya tashi likita ya rubuta min tramol, yanzu ya zan yi?" Shekara uku muna aiki tare ban sani ba. Ya ɓoye ne saboda ya san halin mutanenmu, da an ji sai a fara cewa wannan ai ba zai jure aiki ba, kullum yana asibiti, ƙarin girma ma sai dai ya gani a wajen wasu. Yanzu ko dai ya yi shiru sakamako ya fito a kira shi ɗan ƙwaya, ko ya kwashi takardun asibitinsa ya kai wa ma'aikaciyar da kowa ya san bakinta ba ya riƙe magana.

Shi gwajin fitsarin nan fa ba ya nuna ko mutum a buge yake a bakin aiki, abin da ya shiga jiki kwanakin baya kawai yake nunawa. Wiwi kan daɗe a jikin mai yawan sha har makonni, giya kuwa cikin sa'o'i take fita, to wanda ya kwana yana kwankwaɗa ranar Asabar zai wuce sumul ranar Litinin, mai takardar likita shi ne zai maƙale. Ƙaramin gwajin da ake tsoma tsinke ma yakan yi kuskure, shi ya sa ake son a tabbatar a babban lab kafin a yanke wa mutum hukunci, amma wa zai biya kuɗin? Fitsarin kuma yana iya tona ciki ko ciwon suga in mai gwajin ya so leƙawa.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a da Tinubu ya sa wa hannu a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake taka tsantsan da su. Amma fom ɗin amincewa da aka raba mana, wane mai iyali ne zai ƙi sa hannu ga kuɗin haya a Abuja?

Na samu manaja na ce ranka ya daɗe, a gwada direbobi da masu tuƙa injin ɗaga kaya ban ƙi ba, amma sakamakon ya tsaya a hannun likita, likitan ya zauna da mutum ya tambaye shi maganin da yake sha, kamfani a gaya masa ya dace da aikin ko bai dace ba, shike nan. Ya ce zai duba. Ranar Juma'a dai muka yi layi a bakin banɗaki kowa da ɗan kofinsa na roba an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro da alƙalamin maka, masinja na kallo, masu shara na kallo. Na duba layin daga farko har ƙarshe, ko oga ɗaya daga saman bene ban gani ba.