Mabiyiya ɗaya ko biyu: abin da hoton cikin tagwaye ya koya mini a Garwa

Da zarar an ce wa maigida tagwaye ne, abin da yake son ji shi ne ko Hassan da Husaini ne, ko kuwa Hassana da Usaina. Ni da nake aikin hoton ciki a wani asibiti a Garwa ta ƙasar Kamaru, tambayar da ke gabana daban ce: mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu?

Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suke fitowa. In ƙwan ya rabu cikin kwana 3 na farko, kowa da mabiyiyarsa. In ya kai kwana 4 zuwa 8, sai su yi tarayya a mabiyiya ɗaya, kowa da jakar ruwansa, kuma kusan biyu cikin uku haka suke. A kan wannan mabiyiyar jijiyoyin jininsu ke haɗuwa. A cikin irin wannan ciki 100, ana samun 10 zuwa 15 da jini ke gangarawa daga ɗaya zuwa ɗayan. Mai bayarwa sai fitsari ya ɗauke masa, ruwan jakarsa ya ƙafe. Mai karɓa kuwa ruwa ya yi masa yawa, zuciyarsa ta jigata. Galibi tsakanin sati 16 da 26 abin ke bayyana.

Lokacin gane mabiyiyar gajere ne, daga sati 11 zuwa 14. Inda tantanin da ya raba su ya haɗu da mabiyiya nake kafa ido. In naman mabiyiya ya kutsa tsakani ya yi tsini mai kauri, biyu ne, hankali ya ɗan kwanta. In tantanin siriri ne ya sauka a miƙe kamar harafin T, ɗaya ce. Ciki na tsufa wannan alamar na dusashewa.

An koya mana wasu alamomin na wuri da ke hasashen wannan gangarar jini tsakanin tagwayen. Akwai bambancin tsawo daga kai zuwa mazaunai in ya kai kashi 10 cikin 100, da bambancin kaurin ruwan bayan wuya in ya kai kashi 20, da yadda jini ke juyawa baya a wata ƙaramar jijiya kusa da hanta. Ina auna su, ina rubutawa. Amma a gaskiya hasashensu ba shi da ƙarfi. Ciki na iya fitowa lafiya lau a sati 12, a sati 19 ka tarar jakar ɗaya ta wuce santimita 8 na ruwa, ta ɗayan ba ta kai 2 ba, mafitsararsa ma ba a gani. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga ƙa'idar da ƙungiyar masana hoton ciki ta duniya ta fitar a 2016: mai mabiyiya ɗaya ta dawo duk sati biyu daga sati 16.

Nan ne wahalar take. Matanmu da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya yi wata biyar, wata don kunyar ɗan fari, wata don tsoron baki. Wadda ta zo da wuri kuma sau da yawa “tagwaye” kawai aka rubuta mata a kati. Wannan yana yi mini ciwo, domin wanda ya duba ta a sati 12 ya ga abin da ni ba zan ƙara gani ba. Yanzu da manyan baƙaƙe nake rubuta “mabiyiya ɗaya” a bangon katin, in maƙala hoton.

Sai kuma miji, tunda kuɗin mota daga Pitowa ko Gidar daga aljihunsa yake. Nakan zaunar da shi in ce: “Malam, cikin nan ba irin na baya ba ne. In ka ga ya kumbura cikin 'yan kwanaki, ko numfashi na yi mata wuya, kada ku jira ranar awo.”

Ƙona jijiyoyin da suka haɗa jinin tagwayen da hasken leza, wanda gwajin Turai na 2004 ya nuna ya fi zuƙe ruwa amfani, ya yi wa marasa lafiyarmu nisa da tsada. Abin da ke hannunmu shi ne mu gano da wuri, likita ya rage ruwan in ya matsa, a yi allurar ƙarfafa huhu in haihuwa za ta zo kafin lokaci. Ko da komai lafiya, mukan shirya haihuwa a sati 36 zuwa 37, a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye.