Asabar ɗin gardamar kashe kwamfuta

Asabar, Tudun Wada, Gombe.

Da na dawo daga sallar Asuba na tarar da kwamfutar falo a kunne, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Aikin ƙanena ne. Ya zo hutu daga Kashere inda yake karatu a jami'ar tarayya, ya sayi datar dare mai araha, ya saka wasu darussan bidiyo su sauka, ya tafi ya kwanta abinsa. Wannan bai dame ni ba, karatu ne. Abin da ya ja magana shi ne da muna shan kunun gyaɗa sai ya ce wai daga yau a daina kashe ta kwata-kwata.

"Yaya, kashewa da kunnawar nan ta kullum ita ke cinye kwamfuta. Duk inda aka san aiki a kunne ake barin ta."

Na ce to kawo hujja. Kuma gaskiya ya kawo, ba shaci-faɗi ya yi ba. Ya ce in an kunna na'ura kayan cikinta suna ɗaukar zafi su ɗan buɗe, in an kashe su huce su tsuke, kuma yawan wannan yana gajiyar da dalmar da ta riƙe su. Ya ce faifan ajiya irin na tsohuwar kwamfutarmu, mai juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, ya fi wahala a lokacin da yake tashi daga tsaye. Ya ƙara da cewa da dare ne Windows take samun sararin sabunta kanta ba tare da ta katse wa mutum aiki ba, sannan manyan kwamfutocin bankuna da na kamfanonin waya ba a taɓa kashe su.

Uwargida na jinmu daga kicin. Abin da kawai ta jefo shi ne, "Malam, a tambaye shi ko shi zai riƙa sa wa mita kati."

Ban kai ga ba shi amsa ba aka ɗauke wuta, wajen ƙarfe takwas da 'yan mintoci. Allon ya yi baƙi ɗif, bidiyonsa na ƙarshe bai gama sauka ba. Na dube shi, ya dubi kofinsa. Tun daga nan ni dai na san inda na tsaya: a gidan nan babu zancen barin kwamfuta a kunne dare da rana, ko mun so ko mun ƙi za ta mutu a kowace rana. Abin da ya rage mana shi ne zaɓin wanda zai kashe ta, ni da na adana aikina na rufe komai a tsanake, ko kuwa masu wuta da ba su san me take yi a wannan daƙiƙar ba. Shawarar da yaron nan ya ɗauko ta mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa ce. Kwamfutocin bankin da yake misali da su kuwa a ɗaki mai na'urar sanyaya suke zaune, ga batura, ga janareta a bayansu. Tamu tana kusa da taga, a unguwar da titinta ba kwalta.

Kukan fankar nan dai bai kwanta mini ba, sai na naɗe sifiyun, wato akwatin kwamfutar, a tsohon zane muka hau Keke zuwa wajen wani mai gyara a gefen Babbar Kasuwa. Garin ya yi fari fat da hazo, ko dutsen da ake hangowa daga unguwa ba a gani. Injiniya ya kwance murfin, ya leƙa, ya yi dariya ya ce a fita da ita waje tukuna. Da ya saka mata bulowa, sai da mai sayar da caja na kusa da shi ya toshe hanci ya yi mana Allah-ya-isa cikin raha. Ƙura ta like ramukan ƙarfen da ke kwashe zafi daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ya sa fankar ke gudu iya ƙarfinta ba ta cin ma komai.

Na ce, "Injiniya, raba mana gardama. A bar ta a kunne ko a kashe?"

Ya ce, "Malam, ni tun da na buɗe shagon nan ba a taɓa kawo mini wadda kashewa ta lalata ba. Ƙura da dawowar wuta su ke ciyar da ni."

Ya yi bayanin da ya zauna mini. Muddin kwamfutar tebur tana kunne, fankokinta na zuƙo iskar ɗaki suna wucewa da ita ta ciki. A hunturu irin wannan, daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, iskar nan rabinta ƙasa ce. Wanda ya bar ta awa ashirin da huɗu ya shayar da ita ƙurar da mai aikin awa biyar zai daɗe bai tara ba. Kafin a farga Maris da Afrilu sun shigo, zafin Gombe ya haura 40 a ma'auni, na'urar da ta riga ta toshe sai ta fara nauyi, ta riƙa mutuwa da kanta don kada ta ƙone. Batun buɗewa da tsukewar ƙarfe da ƙanena ya kawo, ya ce gaskiya ne akwai shi, amma kunnawa sau ɗaya ko biyu a yini ba abin da zai sa mutum asara ba ne, kwamfutar za ta tsufa a daina yayinta kafin wannan ya kama ta.

Sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da akwatunan wutar kwamfuta da suka ƙone. Ya ce yawancinsu ba ɗaukewar wuta ta kashe su ba, dawowarta ce. Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 230, amma a daƙiƙar da aka maido ta, ko lokacin da ake juyawa daga janareta, takan zo da hauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ji shi, ko ka kashe kwamfutar tebur, muddin filoginta na jikin soket kuma soket ɗin a kunne, akwai 'yar wuta da ke shiga tana jiran ka danna maɓalli. Ta wannan ƙofar ɓarna ke shigowa. Don haka shi a gidansa in ya kashe sai ya kashe soket, da damina kuwa in hadari ya haɗo har filogin yake zarewa saboda tsawa.

Ƙanena bai saki ba. Ya ce to a bar ta ta yi barci mana, ai Sleep ba ya cin komai. Injiniya ya ce a laftof wannan daidai ne, domin batirinta na tare da ita, ko an ɗauke wuta ba ta ma sani ba. A ta tebur kuwa barci yana nufin aikinka na zaune a RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta, RAM kuma da zarar wuta ta yanke ta manta komai, sai dai in an saita ta tana ajiye kwafi a faifai kafin ta kwanta. Wanda ke son ya dawo ya tarar da takardunsa a buɗe yadda ya bar su, Hibernate ya kamata ya danna: tana kwashe komai ta rubuta a faifai sannan ta mutu gaba ɗaya, ko wata guda aka yi ba wuta babu abin da zai ɓata. Nan na tuna Afrilun 2024, lokacin da ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni muna neman inda za mu yi cajin waya, ga madatsar Dadin Kowa mai megawat 40 a bayan gidanmu. Allah ya kiyaye na gaba.

Wani abu da Injiniya ya faɗa ya ba ni mamaki. Tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi, wanda idan ka danna Shut down ba ta wanke kanta tas, tana ajiye wani sashe na cikinta don gobe ta tashi da wuri. Restart ne ke sa ta faro daga tushe. Shi ya sa wani zai ce kullum yana kashe tasa amma nauyinta bai ragu ba. Ya ce ko da sau ɗaya a mako a riƙa yi mata Restart. Ya canza mana ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo in an zare filogi, domin namu ya yi sanyi. Na biya, muka sayo tumatur da attarugu da aka aike mu, muka dawo.

Bayan La'asar na ɗauki biro na yi wa uwargida lissafin da ta nema, tunda ita ce ta ɗago zancen kati. Na ɗauka kwamfutar da allonta suna jan wat 60 in tana zaune ba aiki, ƙiyasi ne kawai, wata ta fi haka wata ba ta kai ba. A awa 24 ya zama yunit 1.44, a wata kuma wajen yunit 43. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225, daga baya aka sassauto zuwa wajen 209, a wannan farashin mai irin wannan layin zai biya kusan naira 9,000 a wata don na'urar da yawancin lokacin ba kowa a gabanta. In awa biyar ake aiki da ita a kashe, yunit 9 ne. Mu ba a wannan rukunin muke ba, namu farashin bai kai haka ba, kuma wutar ma ba ta kai awannin da lissafin ya ɗauka. Amma masu sola da inbata su ne ya fi shafa, domin wat 60 tun daga Isha har Asuba ba ƙaramin ci ba ne a batirin da ake so ya riƙe fanka da fitila. Uwargida ta karɓi takardar ta duba, ta miƙa wa ƙanena ba ta ce uffan ba.

Hujjarsa ta sabuntawar dare ma da na duba ba ta da ƙarfi a kanmu. Tamu tsohuwa ce ta hannu, Windows 10 ke kanta, kuma Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Ko ma ana turowa, babu lokacin da ya fi haɗari a ɗauke wa kwamfuta wuta irin tsakiyar sabuntawa, lokacin da take roƙon kada a kashe ta. Gara a yi shi da rana ido na gani, a lokacin da aka san wutar ta ɗan zauna.

An maido wuta gab da Magariba. Na bari ta yi 'yan mintoci, na ga ƙwan falo bai yi rawa ba, sannan na kunna soket. Fankar yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Na buga tambayoyin jarrabawar 'yan aji biyu da ke kaina, ina adanawa bayan kowace tambaya, na kwafe su a filas.

Mun daidaita da ƙanena a kan cewa in yana da abin saukewa da dare, ya yi a wayarsa, da safe ya juye. In kuma dole sai da kwamfutar, to ya nemo kuɗin sabon batirin UPS ɗin nan, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da ke ajiye a saman kabad tun bara, wanda ko an gyara shi 'yan mintoci kawai zai ba mutum ya rufe aikinsa. Ya ce shi dai har yanzu yana nan a kan bakansa, in ya gama karatu ya samu aiki a Abuja tasa ba zai taɓa kashe ta ba. Na ce Allah ya kai mu, ya kuma ba shi abin biyan katin. Uwargida ta yanko wani ƙyallen atamfa ta ce a riƙa rufe sifiyun da shi in an kashe ta ta huce, har hazon nan ya wuce.