Ƙarfen da ke cikin kwanon kumallo

A shekarar da na fara koyar da kimiyya, na shiga aji wata rana da kwalaye uku na hatsin kumallo, irin busasshen nan da ake zuba wa madara, da ledoji masu zif, da maganaɗisu masu ƙarfi. Na nuna wa yara inda aka rubuta "ƙarfe" a jikin kwali, na ce, "Wannan da ƙarfen ƙusa abu ɗaya ne?" Suka bushe da dariya. Wa zai ci ƙusa?

Na raba su rukuni uku, kowanne da kwalinsa. Aikin ba wuya. A murƙushe hatsin ya zama gari, a zuba a leda, a ƙara ruwan ɗumi, a bar shi ya jiƙa kamar minti 20. Sannan a ɗora ledar a kan maganaɗisu, a riƙa karkaɗawa a hankali, a juyo ta. Rukuni biyu suka ga ɗan baƙin ƙura ya taru a jikin leda, yana bin maganaɗisu duk inda aka ja shi. Aji ya kaure. Ƙarfe ne zalla, kamfanoni ke zuba garinsa saboda ba ya sauya ɗanɗano ko launin abinci. Idan ya isa ciki, asid ɗin tumbi ya narkar da wani sashe nasa, ƙaramin hanji ya tsotse, jiki ya gina sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini.

Rukuni na uku kuwa ko ɗigo ba su samu ba, kuma a nan na yi kuskure. Na ce ba su murƙushe da kyau ba. Suka sake, shiru. Na ce ruwan ya yi yawa. Gaskiya dai ina sauri ne in kai ga sakamakon da na riga na rubuta a littafin darasi, kuma ɗora wa ɗalibi laifi ya fi sauƙi.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗauki kwalinsu tana karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Ta ce, "Malam, namu sunan ƙarfen daban ne." Haka ne kuwa. Nasu gishirin ƙarfe aka sa, wato ƙarfen da ya riga ya haɗu da wasu sinadarai, shi kuma maganaɗisu ba ya ɗauko shi. Ƙarfen yana nan daram, hanyar nemansa ce ba ta dace ba. Ni da na sayo kwalayen ban karanta ba.

Daga baya wani ya ɗora maganaɗisu a damtsensa ya ce, "To Malam, me ya hana shi jan jinina?" Kafin in buɗe baki yarinyar ta ba shi amsa: na jini ma a haɗe yake. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4 na ƙarfe, mafi yawansa a jini, amma ba a matsayin gari ba.

Yanzu da gangan nake sa irin wancan kwalin a cikin ukun, ba na faɗa wa kowa wanne ne. Idan rukuninsu suka ɗago kai suna kallona, sai in miƙa musu kwalin in koma gefe.