Rufin bukka a kan masallacin sarki

Asabar, 18 ga Janairu, Rajshahi, Bangladesh

Sha ɗaya na dare ta gota, ƙafafuna sai zogi suke, amma in ban rubuta yanzu ba gobe karatu zai danne ni, rabin abin da na gani ya bi iska.

Bayan asuba muka fita, ni da abokin ɗakina, wanda ɗan yankin nan ne. Hazo ya rufe hanya, irin nasu mai jiƙa riga, ba irin na hunturunmu mai fasa leɓe ba. Hagu da dama gonakin mangwaro ne, sai itatuwan dabino da aka rataya wa tukwane a wuya ana tarar ruwansu, wanda ake dafawa ya daskare kamar mazarƙwaila. Muna cikin adaidaita sahu ya taɓa ni, ya nuna mini wata tsohuwar bukka a bakin gona. Yawancin gidajen ƙauye yanzu kwano ne, ita kuwa ciyawa ce a kan gora, bakin rufinta ya lanƙwasa kamar baka, kusurwoyin sun sunkuyo ƙasa don ruwan damina ya zube da sauri. Ya ce sunan irin rufin nan chala, in riƙe shi a raina. Ban gane nufinsa ba sai da muka isa Bagha.

Masallacin Bagha Sarki Nusrat Shah ne ya gina shi a 1523, zamanin da sarakunan Bengal ke mulki daga birnin Gaur. Na daɗe ina jin labarinsa, har abokina ya taɓa nuna mini hotonsa a tsohuwar takardar kuɗinsu ta taka 50. Da na tsaya gabansa, ba ƙubbobin nan goma na fara kallo ba. Saman bangon na kalla. Ba a miƙe yake ba, ya ɗan tashi a tsakiya ya sauka ta gefe da gefe, lanƙwasar bukkar nan ce ta ɗazu, aka yi ta da jan bulo. Sarki mai dukiya, mai iko da ƙasa guda, ya tashi gina ɗakin Allah, sai ya ɗauko siffar ɗakin manomi. Na jima a tsaye ban ce komai ba.

Yankin nan ba shi da dutse. Laka ce kogin Padma da 'yan'uwansa suka shekara dubbai suna jibgewa, dutse sai an ɗauko daga nesa, irin su tsaunukan Rajmahal. Shi ya sa a ciki ginshiƙai kaɗan ne na baƙin dutse, sauran duk ƙasa ce aka ƙona. Kuma da ƙasar suka yi ado. Ƙananan faifan yumɓu ne ake zana wa fure da ganye tun suna ɗanye, a gasa su, a jera a bango. A jikin mihirabi na ga reshen inabi, na ga fitila rataye da sarƙa, na ga furanni iri-iri. A bangon waje kuma ga itacen mangwaro da 'ya'yansa sun yi nauyi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai. Maginin bai je neman itacen wata ƙasa ba, na bayan gidansu ya zana. Babu hoton mutum ko dabba ko ɗaya.

Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya gaya mana, abokina na yi mini tafinta, cewa ƙubbobin da nake gani gyara ne, na asali girgizar ƙasa ta 1897 ce ta zubar da su. Na yi alwala a bakin babban tafkin da ke gaban masallacin, ruwan sanyi ƙalau, muka yi azahar a cikin jam'i. Shekara 500 ke nan ana kai goshi ƙasa a wurin. Bayan sallama mutane suka yi ta miƙo mini hannu suna tambayar daga ina, na ce Najeriya, suka ce marhaba.

Shinkafa da kifi muka ci a kasuwa, muka kama hanyar Puthia.

Gaskiya da nauyin zuciya na shiga harabar. Tun da aka haife ni ban taɓa zuwa kusa da wurin bautar Hindu ba, kuma na yi niyya a raina kallon gini na zo yi, daga tsakar fili, takalmi a hannu inda aka ce a cire. Puthia tsohon mazaunin wasu manyan masu ƙasa ne mabiya Hindu, fadarsu ta 1895 na nan tsaye, tafkuna kewaye da ita. Babban ɗakin bautar Shiva, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, wanda sarauniya Bhubanmoyee Devi ta gina a 1823, shi ke fara tare ido da hasumiyoyinsa biyar, fari fat a bakin ruwa. Bai riƙe ni ba sosai. Na wani abin bautarsu mai suna Govinda ne ya riƙe ni, wanda ke cikin harabar fadar.

Ja ne jawur, tun daga ƙasa har sama faifan yumɓu ne, ba inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa zane ba. A nan hotunan mutane ne cike, Krishna (shi ne Govinda) da masoyiyarsa Radha, mayaƙa a kan dawaki, giwaye, yaƙe-yaƙen labaransu na dā. Abin da suke nufi ga masu su ba nawa ba ne, ban kuma yi kamar na fahimta ba. Amma gefen kowane hoto ga reshen nan mai murɗewa, ga furen nan mai zagaye, waɗanda na baro a mihirabin Bagha da hantsi. Na ɗaga kai, ga bakin rufin ya lanƙwasa. Can gefe kuma akwai wani ƙaramin ɗaki da suke kira Chhoto Ahnik, shi kam ba ma kwaikwayo ba ne, bukka ce sak mai rufi biyu, sai dai ta bulo. Tsakanin masallacin da waɗannan gine-gine shekara kusan 300 ce, aƙida kuwa ta yi hannun riga, amma sana'ar ɗaya ce, uba na koya wa ɗa yadda ake kwaɓa laka da yadda ake hura wuta.

Abokina ya ce abin ya girmi duka biyun. A Paharpur, arewa da nan, akwai kangon babbar makarantar mabiya Buddha da Sarki Dharmapala ya gina wajen ƙarshen ƙarni na 8, ɗakunan ɗalibai 177 kewaye da fili, kuma gindin ginin tsakiya jere yake da faifan yumɓu masu hoton manoma da makaɗa da dabbobi. Mun sa ranar zuwa bayan jarrabawa, in Allah Ya yarda.

Da na dawo na kira Baba, lokacin la'asar ta yi sanyi a gida. Shekara arba'in yana gini, shi ya fara kai ni tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya nuna mini bakunan da Babban Gwani ya ɗaura da azara da ƙasa. Na tura masa hotuna. Ya yi shiru yana dubawa, sai ya ce, "Kai, wannan lanƙwasar ba ado ba ce tun farko, ruwa ne ya koya musu." Sannan ya tambaye ni da me suka kama bulon, tunda babu siminti a lokacin. Na ce farar ƙasa ce ake haɗawa da garin jan bulo. Ya ce in na je wancan wurin na uku in matsa kusa da bango in ɗauko masa hoton tsakanin bulo da bulo, yana son ya ga kaurin kwaɓin.