Manhajar haraji da mutumin da zai sa hannu

Takardar haraji, ko a wace ƙasa ake cike ta, tana ƙarewa da wurin da mutum zai tabbatar cewa abin da ya rubuta gaskiya ne iya saninsa. In lissafi ya fito daidai, shi ke nan. In ya karkace, wasiƙar hukuma da sunansa za ta zo, tara kuma daga aljihunsa za ta fita. A aikin da nake yi cikin masu haɗa manhajar da ke taya mutane cike wannan takarda, babu abin da ya koya mini sana'ar kamar tuna wannan mutumin da zai sa hannu.

Mu masu haɗa manhaja muna son a ce abinmu ba ya ba da wahala, kuma yawanci da agogo muke aunawa: minti nawa mutum ya yi ya gama. Amma mutum yana iya gamawa cikin minti biyar ya miƙa ƙarya ba da saninsa ba. Na ga haka da idona a zaman gwaji, inda muke ba mutum waya, mu zauna gefe, mu kame bakinmu. Wata mata mai aikin albashi ta iso tambayar da muka ɗebo kai tsaye daga harshen doka, wadda ke tambayar ko tana da kuɗin shiga daga sana'ar ƙashin kai. Ba ta ko tsaya ba, ta danna a'a. Sai bayan an gama, ana hira, ta ambaci cewa tana ɗinki a ƙarshen mako, har tana da masu kawo mata a kai a kai. Da aka tambaye ta, cewa ta yi, "Ai wannan ba sana'a ba ce, 'yar taɓa-taɓa ce kawai." Ba ɓoyewa ta yi ba, gaskiyarta ta faɗa. Tambayar ce ta ɗora mata aikin lauya, wato ta yanke hukunci a kan wane rukuni kuɗinta ya faɗa. Yanzu manhajar abin da ya faru take tambaya: a bara, akwai wanda ya biya ki kuɗi saboda wani aiki da kika yi masa, ban da albashinki? Wannan kowa ya san amsarsa. Sanya shi a rukuni kuma nauyinmu ne.

Daga nan ne na dage a ƙara amsa ta uku a gefen e da a'a, wato "ban sani ba". Wasu abokan aiki sun ƙi, suna ganin kowa zai fake da ita. Ba haka ta kasance ba. Mutanen da suka danna ta su ne waɗanda da za su yi caca da amsa, kuma kowace dannawa tana nuna mana daidai inda bayaninmu ya gaza. Wanda ya danna ta sai a yi masa ƙananan tambayoyi biyu ko uku, ko a gaya masa takardar da zai duba, a ajiye masa inda ya tsaya har ya dawo. Ajiyewar nan ba ƙaramin abu ba ne, domin da wuya a samu wanda ya zauna da dukan takardunsa a hannu.

Tsarin tambaya ɗaya a kowane shafi, wanda masu zana shafukan gwamnatin Birtaniya suka yaɗa, mun ɗauka kuma ya yi aiki. Sai dai tambayar da ta fi kowace sauƙi ita ce wadda ba a yi ba. Denmark ta fara aika wa 'yan ƙasa takardar da hukuma ta riga ta cike tun 1988, da bayanan da masu ɗaukar ma'aikata da bankuna suka miƙa mata. Estoniya ta buɗe cike haraji ta intanet a 2000, a Suwidin kuwa mutum yana iya amincewa da tasa ta saƙon tes. Ba kyan allo ne ya kawo wannan ba, bayanan ne suke hannun hukuma. Inda doka ta ba da dama a ɗauko adadi daga tushe, aikin mutum ya koma dubawa da gyarawa, kuma gano kuskure ya fi tuno adadi daga ka sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda na fi tsayawa tsayin daka shi ne batun ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar hira da ke amsa tambayoyin mutum da kanta. Tana da daɗin hira, tana bayyana ƙa'ida mai sarƙaƙiya cikin jimla uku, kuma ba ta gajiya da maimaici. Matsalarta ita ce muryar da take faɗin daidai da ita take faɗin kuskure, babu rawar murya, babu in'ina. Mai jin tsoron haraji kuwa duk wanda ya yi masa magana da ƙarfin gwiwa zai bi. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta ɗora wa kamfanin Air Canada alhakin bayanin kuskure da na'urar hirarsa ta ba wani fasinja game da rangwamen tikiti, duk da kamfanin ya yi ƙoƙarin nesanta kansa da ita. Can tikiti ne guda. A haraji, amsa ɗaya marar tushe tana iya shiga takardun dubban mutane cikin mako guda, kowannensu kuma ya sa hannu. Shi ya sa muka raba aikin gida biyu. Na'urar hira ta yi bayani, ta saurara, ta fahimci abin da mutum yake nufi, amma ba ta taɓa lissafi. Lissafi yana hannun ƙa'idojin da aka rubuta daga doka, masana haraji suka duba, kowace da shekarar da take aiki a kanta, tunda doka tana sauyawa kusan kowace shekara. In tambaya ta wuce abin da aka tantance, kamar gado ko kuɗin da aka samu a ƙasashe biyu, manhajar ta faɗi a fili cewa nan sai ƙwararre, ta kuma haɗa mutum da shi.

Akwai kuma amana ta fuskar kuɗi. A 2022 kamfanin Intuit, mai manhajar cike haraji ta TurboTax, ya amince ya biya dala miliyan 141 a sasantawa da jihohin Amurka, kan zargin karkatar da masu ƙaramin ƙarfi zuwa sigar da ake biya alhali sun cancanci ta kyauta. Abin da ya dame ni a labarin shi ne cewa irin aikinmu ne aka yi amfani da shi: wane maɓalli ne babba, wanne aka dusashe, a wane shafi ake ambaton farashi. Duk shawarar da za ta amfane mu ta cuci mai cikewa, ina so a faɗe ta da babbar murya a taro, kowa ya ji sunanta.

Shafin ƙarshe shi ne wanda muka fi sake ginawa. Kowane adadi a cikinsa ana iya taɓa shi, ya nuna amsar da ta haife shi da ƙa'idar da aka bi, kuma a gyara daga nan ba sai an koma farko ba. Ma'aunin gwajinmu ma ya sauya. Bayan mutum ya gama, mukan nuna masa jimillar abin da zai biya ko za a mayar masa, mu ce ya bayyana mana da bakinsa yadda aka kai ga wannan adadi. Wasu har yanzu suna kasawa a wajen ragin da doka ta yarda a cire kafin lissafi, kuma shafin da muke kansa ke nan a wannan zangon.