Zaƙami da linzamin zuciya

Daren Asabar ina bakin aiki a asibiti aka shigo da wani saurayi, abokansa biyu na riƙe da shi, yana ta sambatu yana cafkar iska. Na taɓa goshinsa, zafi zau, amma ko ɗigon gumi babu. Baƙin idonsa ya buɗe sosai, leɓɓansa sun bushe ƙamas. Na'ura ta nuna bugun zuciya 142 a minti ɗaya. Kafin likita ya iso na dubi abokan na ce, "Samari, ku faɗa mini gaskiya, zaƙami ne?" Suka yi tsuru-tsuru. A wajen biki aka jiƙa musu 'ya'yansa a zoɓo.

Zuciya ba ta jiran umarnin kowa kafin ta buga. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan gurbi da ke kunna ta, kuma da za a ƙyale shi, kusan sau 100 zai riƙa yi a minti. Abin da ke riƙe ta wajen 70 in mutum na zaune shi ne jijiyar vagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya. Ita ce linzami. Bulalar kuwa tana hannun jijiyoyin firgici da sinadarin adirenalin, su ke ƙara mata sauri, su kuma sa ta matsa jini da ƙarfi.

Malaminmu a makarantar jinya yana son labarin Otto Loewi, wanda a 1921 ya tsokani vagus ɗin zuciyar kwaɗo har ta lafa, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta lafa. Ashe sinadari jijiyar ke saki, asetilkolin. A lokacin don jarrabawa kawai na haddace.

To, zaƙami na ɗauke da wani sinadari, atirofin, shi kuma toshe wurin da asetilkolin ke sauka yake yi. Linzami ya tsinke, doki ya zabura. Gumi da yawu ma ta hanyar nan suke fitowa, shi ya sa yaron ya bushe haka.

Abin da har yau ke ɗaure mini kai, atirofin ɗin nan yana cikin akwatinmu na gaggawa. Wanda ya sha fiya-fiya akasin wannan yaron yake zuwa: yawu na dalala, ido ya tsuke, sau da yawa bugun ya faɗi ƙasa. Shi allurar atirofin muke ta ɗura masa har ƙirjinsa ya daina kurari.

Saurayin namu dai ruwa aka ƙara masa da allurar kwantar da jiki, muka yi ta shafa masa tsumma mai sanyi. Sai ranar Litinin ya dawo hayyacinsa, bugun ya sauko 84. Mahaifiyarsa na gefen gado da carbi a hannu. Ya dube ni ya ce, "Sista, wa ya ɗauke mini takalmi?"